Wandon Robar Ya'u Maharbi

Duk wanda ya taɓa sauka a Aziziyya, a layin nan na bayan babban titi inda gidajen alhazai suka jeru, ya san Ya'u ko da bai san sunansa ba. Shi ne mai gadin wani bene mai hawa bakwai, irin wanda mutanen Makka ke kira imara. Gajere ne, kakkaura, tumbinsa kan riga shi shiga ko'ina. Kullum yana kan kujerar roba a bakin ƙofa, makullai na rataye a ƙugu, tantabaru na kiwo a gindin ƙafarsa kamar shi ya ƙyanƙyashe su. In ka yi masa sallama ka wuce, ka tsira. In ka tsaya, kafin ka gama tambayar inda ake sayar da burodi ya kai ka fadamar garinsu ya tsoma ka a ruwa har wuya.

Garin nasu Tudun Dinya ne, wani ƙauye gabas da Haɗeja, inda ruwa ke malala bayan damina ya kwanta wata da watanni. A gidan maharba Ya'u ya tashi, amma farautarsu ba ta baka ba ce, ba ta bindiga ba. In damina ta ɗauke, kirinjijiya da dinya suka sauko fadama, sai a watsa ƙore a kan ruwa, a bar su suna yawo kwana da kwanaki har tsuntsaye su saba da su. Ranar da za a shiga, maharbi zai tuɓe, daga shi sai gajeren wando, ya kifa ƙwarya mai hudar ido biyu a ka, ya nitse har wuya. Ba takalmi, don ƙafa ita ce ido a cikin laka. Yana tafe sannu-sannu kamar sauran ƙoren har ya shiga tsakiyar garke, ya kamo ƙafar tsuntsu ta ƙasa ya ja shi cikin ruwa, na kusa da shi bai sani ba.

Sau nawa Ya'u ya ba da wannan labari a Makka, sai Allah. Ya zo da niyyar shekara biyu, biyun nan ta hayayyafa ta zama goma sha bakwai. Kuma Allah cikin hikimarsa ya ɗauko maharbin nan ya ajiye shi a ƙasar da ba a farauta, ba a ko firgita tsuntsu. Tantabarun Makka sun san da haka sarai. Su sauka a bayan kujerarsa, su ɓata tagogin imara da kashi, shi kuwa ya ɗauko bokiti da tsumma ya bi bayansu. Wani lokaci wata mai ƙiba za ta zo ta tsaya dab da babban yatsansa, sai a ga hannunsa ya motsa da kansa. Sai ya yi a'uziyya ya cusa hannun a aljihu.

Yana da aboki guda, Abdulwasi'u tela, Bakatsine, mai shago a unguwar Zahir. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya hau mota ya zo Aziziyya su sha shayi. Tsakanin Katsinawa da Haɗejawa akwai wasa tun kaka da kakanni, saboda haka abin da wani zai haɗiye, Abdulwasi'u faɗa yake.

"Bahaɗeje, yau dinya nawa muka kama a shiga ɗaya?"

"Je ka tambayi kakanka."

"Makon jiya takwas ne. Bara shida. Na ga tun da ka zo Makka tsuntsayen nan suke ta haihuwa a bakinka."

Ya'u kan je gida duk bayan shekara biyu ko uku, amma abin mamaki, hutunsa bai taɓa faɗawa lokacin tsuntsu ba. Ko da yaushe akwai dalili: alhazai ba su gama tafiya ba, ko ana gyaran famfo, ko maigida bai sa hannu ba. Sai a shekarar dubu biyu da sha takwas dalili ya ƙare. An yi aikin Hajji ana tsakiyar damina a gida, alhazai suka watse, aka tattara katifu aka jibge a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, imara ta zama ba kowa sai tantabaru. Hutun Ya'u ya faɗo daidai saukar kirinjijiya.

Ana cikin haka matarsa Mairama ta aiko masa da saƙon murya. Ba muryarta ba ce a ciki, ta Tsoho ce, ƙanin mahaifinsa, Sarkin Bakan Tudun Dinya, wanda ya haura tamanin. Tsoho ba ya dogon zance.

"Ya'u, ƙafata ta gaji. Bana zan sauke ƙwarya. Ku biyu ne, kai da Mukhtaru. Kai ne babba, kuma kai na fara koya wa. In har yanzu kana nan yadda na san ka, ka zo ka nuna mini."

Ƙwaryar da ake magana a kai ta kakansu ce, ta yi baƙi don tsufa, an ɗinke ta wuri uku. Wanda ya kifa ta shi ke fara shiga ruwa, shi ake kira Sarkin Baka har ya mutu ko ya sauke ta da kansa. Mukhtaru kuwa ɗan wani ƙanin mahaifin Ya'u ne, bai taɓa barin ƙauye ba, busasshe kamar kara, ana cewa ko matsattsaku ba ya samun jini a jikinsa.

Ya'u ya saurari saƙon sau biyar. Yana son ƙwaryar nan kamar ransa. Shekara goma sha bakwai yana bin kashin tantabara da tsumma, abin da ke riƙe shi a tsaye shi ne sanin cewa a wani wuri shi wani ne. Amma akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, har Mairama. Sanyin na'urar ɗaki ya cinye masa gwiwa. Ruwan alwala ma sai ya surka. Rabon da ruwa ya wuce masa idon sahu tun ranar da ya baro gida. Ga sanyin fadama da asuba, ga matsattsaku. Ga kuma wata: shi fa yanzu Alhaji ne na Makka, ba na mako shida ba. Ya zai tuɓe gaban 'yan ƙauye da wannan tumbi, daga shi sai gajeren wando?

Mafita ta zo daga inda ba a zata ba. Talal, ɗan maigidan imara, shi ke kula da ita. Kakanninsa Hausawa ne da suka zo Hajji a ƙafa suka zauna, shi a Makka aka haife shi, Hausarsa kamar mai tauna tsakuwa, kuma a rayuwarsa bai taɓa ganin ruwan da ya fi na tankin gida faɗi ba, in ba tekun Jidda ba, daga cikin mota. Da ya ji labari sai ya zaro waya ya miƙa wa Ya'u, wanda yake kira ammi, wato baffa.

"Ya ammi, duba nan. Haka mutane suke yi. Ba tsirara, ba ƙwarya."

Ya'u ya duba. Wasu Turawa ne jajaye a cikin wata fadama, kowanne sanye da wandon roba da ya haɗe da takalmi ya hau har ƙirji, ga rigar ruwa kalar ganye a sama. Suna tsaye cikin ruwa suna dariya kamar a falo. Ya'u ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa. Ashe ana shiga ruwa ba tare da ruwa ya taɓa mutum ba!

Daga ranar nan zancen dinya ya tsaya, zancen roba ya tashi.

A Zahir, layi biyu daga shagon Abdulwasi'u, akwai wani mutumin Yaman mai sayar da kayan masu wanke tankin ruwa da na masu fita sahara yawo. Can suka nufa. Juma'a uku suka yi suna zuwa, har mai shagon ya daina tashi in ya gan su.

Juma'ar farko ta rigar ruwa ce. Akwai 'yar shara-shara da ake sayar wa alhazai, Ya'u ya ce ko kaza ta shaƙe ta sai ta yage. Akwai ruwan ɗorawa irin ta masu sharar titi, ya ce tsuntsu zai hango ta tun daga Nguru. Sai wata koriya mai kauri, mai hula, ta sauko har gwiwa. Ya sa, ya cire, ya shinshina, ya ja hannun ya ji ko zai saki.

Abdulwasi'u ya ce, "Tsaya, Bahaɗeje. Lokacin tsuntsun nan, ruwan sama ake yi a garinku?"

"Damina ta wuce."

"To rigar ruwan ta mece ce?"

Ya'u ya ce, "Raɓa fa? Ka san raɓar fadama? Ku da ko rijiya sai kun yi gaba arba'in."

Juma'a ta biyu aka zo kan wando. Iri uku ne. Wani ya tsaya a cinya, Ya'u ya ce wannan na masu wanke mota ne. Wani kalar ganye mai soso a ciki, yana matse jiki. Mai shago ya ce shi ne ya fi, don in ya kama jiki ruwa ba ya samun wurin zama. Ya'u ya gwada, ya tsaya a tumbi, ba gaba ba baya, sai da mutum biyu suka ja. Na uku baƙi ne, roba zalla, mai nauyi kamar fatar sa, da igiya biyu a kafaɗa.

A Juma'a ta uku ya yanke shawara kan baƙin, kuma ya ce a ba shi mafi girma da ke shagon. Mai shago ya auna shi da ido ya ce ya yi masa yawa, mutum biyu za su shiga. Ya'u ya ce ya sani. So yake ya sa jallabiyarsa ya cusa ta ciki, yadda ko ya fito daga ruwa Alhaji ne cikakke. Mai shago ya ɗauko wata ɗamara ya ce to lalle ya riƙa ɗaure bakin wandon da ita a ƙirji, in ba haka ba bakin zai tsaya a buɗe. Ya'u ya ɗaura, numfashi ya gagara, ya kwance ya mayar.

"Ni ba buhun gero ba ne da za a ɗaure mini baki."

Abdulwasi'u ya zagaya shi yana kallo. Bakin wandon ya tsaya a ƙirjinsa a wangame, ana iya jefa kankana ciki.

"Ya'u, shekara goma sha bakwai ina jin labarin nan, na fi ka iya shi. Har ina kuke shiga ruwa?"

"Har wuya."

"Wandon nan har ina ya tsaya?"

"Ƙirji."

"To tsakanin ƙirji da wuya, wa ka bar wa gadi?"

Ya'u ya ce, "Kai tela ne, ba ka san sarauta ba. Sarki ba ya nitsewa. Tudu-tudu zan bi, ina nuni da hannu."

"Shi Tsohon da hannu yake nuni?"

Ya'u ya ce da mai shago ya naɗe masa kayan.

Sai gwaji. A Makka ina za ka sami ruwan da za ka tsaya ciki har ƙirji? Na tanki na sha ne, Talal ya ce ko kusa. Ya'u ya yi tunani, ya ce ai gwaji gwaji ne. Ranar Talata da azahar ya sa jallabiya, ya sa wando, ya ɗora riga har da hula, ya hau rufin imara ya yi ta kai da kawo cikin ranar Makka. Tantabarun da ba su taɓa jin tsoronsa ba, ran nan suka tashi gaba ɗaya. Bayan rabin sa'a ya sauko yana ganin duhu-duhu, kowane taku sai ka ji cakal, cakal. Da ya cire wandon ya juye, gumin da ya zubo ya kusa cika buta.

Da wani ne, da ya ɗauki darasi. Ya'u murna ya yi. Ya kira Abdulwasi'u a waya yana haki.

"Ko ɗigo bai fita ba! Ka ga in na ciki bai fita ba, na waje ba zai shiga ba."

Abdulwasi'u ya ce, "Rabin maganarka gaskiya ne. Allah ya sa kada mu ga wane rabin."

Saura kwana tara tafiya, ranar wata Juma'a, hadari ya haɗo ta wajen duwatsun Mina. Abdulwasi'u ya iso ke nan, ko shayi ba a zuba ba, aka tsuge. Ruwan Makka ba ya yawan zuwa, amma in ya zo ba ya sallama. Dutse ba ya sha, kwalta ba ta sha, duk abin da ya sauka gangarowa yake. Kafin la'asar layin ya zama kogi, yana ɗauke da kwalaye da takalma. Ruwan ya sami gangaren da motoci ke bi su shiga ƙarƙashin imara, wurin da ake kira badrum, ya bi.

Talal ya iso a jiƙe, ya kashe wutar gidan, ya tsaya a bakin gangaren yana riƙe da kai. Katifun alhazai ɗari da wani abu suna kan katako a can ciki, ruwa ya kusa kai musu. Magudanar da ke can ƙuryar badrum ta toshe. Ya kira masu motar zuƙe ruwa, suka ce sai gobe, gari duk haka yake.

Sai ga Ya'u ya fito daga ɗakinsa, baƙi daga ƙasa, kore daga sama, yana tafe yana buɗa ƙafa kamar wanda aka yi wa kaciya da girma. Abin nema ya samu. Ya miƙa wa Abdulwasi'u wayarsa.

"Kira mini Mairama, kiran da ake ganin mutum. Ka ce ta kai wa Tsoho, a tara maharba. Yau za su ga yadda ake shiga ruwa a ƙasar da aka ci gaba."

"Ya'u, ka bari ka fara shiga tukuna, in ya yi kyau sai a kira."

"Kira na ce."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Abdulwasi'u ya kira. Can gida an idar da sallar Juma'a ke nan, mutane na gindin tsamiyar ƙofar masallaci. Ba a jima ba fuskoki suka cika wayar: Tsoho a tsakiya da farin gemu, Mukhtaru na riƙe da wayar, wasu na leƙe ta kafaɗa.

Ya'u ya gaida Tsoho, ya juya gaba, ya juya baya don a ga kaya, sa'an nan ya gangara. Ruwa ya kai gwiwa. Ya kai cinya. Ya kai ƙugu. Bai ji komai ba sai ɗan matsi. Daɗi ya kama shi, ya waiwayo.

"Baba, ka gani? A bushe nake kamar ina kan tabarma! Ba sanyi, ba matsattsaku. Mukhtaru, in na zo zan ara maka ka taɓa."

Muryar Mukhtaru ta fito, "Allah ya kawo ka lafiya, Yaya."

Ya ci gaba. Daɓen badrum gangare ne, duk wanda ya share shi shekara goma sha bakwai ya san haka, kuma dab da magudana akwai wani ɗan kwari. Da ƙafarsa a waje take da ta tuna masa. Amma tana cikin takalmin da ya fi ta da yatsa uku, ba ta jin komai. Ruwa ya kai tumbi. Ya kai ƙirji. Ya'u ya ɗaga hannu zai yi nuni irin na sarauta, ya ƙara taku ɗaya.

Bakin wandon ya nitse. Ruwan badrum, mai sanyi, mai warin mai da datti, ya kwarara ciki kamar an buɗe masa ƙofa. Ya'u ya saki wata ƙara da ba a taɓa jin Sarkin Baka ya yi ba. Ya yi niyyar juyawa, ƙafa ta juya, takalmi bai juya ba. Jallabiyar da aka cusa ta kumbura ta naɗe masa cinya. Rigar ruwa ta taso ta bayansa, hular ta kifo masa a fuska. Ya yi baya, ya nitse, ya taso, ya sake nitsewa. Na ciki kuwa, kamar yadda ya gwada a rufi, ko ɗigo bai fita ba.

"Wasi'u! Wasi'u, na mutu! Ku cece ni!"

Daga cikin waya aka ji muryar Tsoho, a natse, yana tambaya, "Mukhtaru, wannan wane irin tsuntsu ne?"

Dariyar da ta biyo baya ita ce abu na ƙarshe da ya fito daga Tudun Dinya, don Abdulwasi'u ya kashe wayar ya cilla wa Talal. Bai iya ruwa ba, amma dogo ne, kuma tela ba ya rabuwa da almakashi. Ya kutsa yana salati, ya cafko hular rigar, ya datse igiyoyin kafaɗa biyu, ya tsarge rigar. Ya'u ya zame daga cikin wandon kamar maciji ya bar saɓa. Jallabiya ma ya fizge ta ya yar.

Ya tsaya yana tari, ruwa har wuya, daga shi sai gajeren wando.

Abdulwasi'u ya ce, "Zo mu fita, Bahaɗeje. Iya ruwa fid da kai."

Ya'u ya tsaya inda yake. Tafin ƙafarsa na kan daɓe, kuma wani abu na faruwa da shi wanda bai shirya ba. Yatsunsa sun buɗe da kansu. Ya ji rairayi, ya ji inda siminti ya tsage, ya ji wani ɗan ja a idon sahu, siriri kamar zare, yana nufar hagu. Sanyin yana nan, gwiwar na ciwo, amma ba su kashe shi ba. Numfashinsa ya kwanta. Ya fara tafiya sannu-sannu, kai kaɗai a waje, ruwan ko motsi ba ya yi a bayansa. Abdulwasi'u, da ya buɗe baki zai yi tsiya, ya rufe.

A ƙurya Ya'u ya tsaya, ya lalubi ƙarfen magudana da babban yatsa, ya ja numfashi ya nitse. Ya taso da dunƙulen leda. Ya koma ya taso da silifa uku da gutsuren harami da wani alhaji ya yar. A na huɗu sai aka ji magudana ta yi gyatsa, ruwa ya fara juyawa yana sauka. Saura ɗan yatsa ya taɓa katifu.

Talal ya yi ta tsalle a bakin gangare. "Masha Allah, ya ammi! Wallahi kai kifi ne!"

Ya'u ya fito yana ɗigar ruwa, ya dubi hannun Talal. Wayar tana nan a kashe.

"An ga wannan?"

Abdulwasi'u ya ce, "Mu mun gani."

Washegari da hantsi Ya'u ya kira gida. Mairama ta ɗauka, ta ce sannu, ta sake cewa sannu, muryarta na rawa irin ta mai danne dariya, ta kai wa Tsoho.

Ya'u ya yi bayani tiryan-tiryan: yadda ya tuɓe, yadda ƙafa ta tuna, yadda ya nitse sau huɗu. Ya ce ga Abdulwasi'u shaida.

Tsoho ya ce, "Bakatsinen? Shi zai shaidi Bahaɗeje?" Ya yi tari. "To madalla. Me ka kama?"

"Leda, Baba. Da silifa."

"Allah ya sa albarka. Ya'u, na ce ka nuna mini, ka kuwa nuna mini, gaban jama'a, ba wanda ya sa ka. Ni na yarda ƙafarka ta tuna. Amma mutum goma sha biyu sun ga kanka ya manta, kuma su ne za su bi ka cikin ruwa. Jiya bayan la'asar na kifa wa Mukhtaru ƙwarya."

Kafin Ya'u ya buɗe baki, Tsoho ya ƙara da cewa:

"In ka zo, ka taho da wandon. Mata sun ce zai yi kyau da jiƙon kanwa."

Bai je ba a wannan shekarar. Ya ce wa Talal badrum na bukatar a sa masa ido, aka ɗaga hutun sai bayan tsuntsaye sun tashi. Talal kuwa bai bar labarin a cikinsa ba, ya bi masu imarorin layin ɗaya bayan ɗaya yana ba su. Tun daga ranar, ko tanki ne ya toshe, ko magudana ta cije, sai ka ji ana cewa a kira Ya'u. Ya tuɓe, daga shi sai gajeren wando, ya shiga, gaban Larabawa da 'yan Bangaladash da duk mai wucewa. Tumbin da ya ɓoye wa Tudun Dinya, Aziziyya kaf ta haddace shi. Abdulwasi'u ya ɗinka masa hula, ya naɗa shi Sarkin Bakan Badrum, ya ce wannan sarauta ba mai ƙwace masa ita.

Wandon, Ya'u ya yanke shi daga gwiwa, takalman yake sawa in zai wanke matakala. Rigar ruwa Abdulwasi'u ya ɗinke inda ya tsarge, kuma ta sami aiki: ita Ya'u ke sawa, har da hula, in zai kankare ƙarƙashin tagogi, inda tantabaru ke jeruwa a sama suna yi masa abin da suka saba.

Yana nan kan kujerarsa. In ka tsaya, ba zai kai ka fadama ba yanzu, badrum zai gangara da kai. Bara ruwan har wuya ne. Bana Abdulwasi'u ya ce ya ji ya shafe kai da kamu guda, kuma silifan sun zama tara.